Ɗaya Cikin Takwas

A kan tudun Valparaíso, inda gidaje ke ɗare wuyan juna
don su leƙa teku,
nan na yi shekara talatin da ɗaya ina ɗinka labule,
nan Aceituna ta fara zagaye.

Ba wasa ba ne. Na san wasanta.
Hagu take bi, hagu kaɗai,
kamar allurar keke da zare ya ƙare mata
amma ba ta daina huda ba.
Ran Laraba ta kafa goshi a bango ta tsaya cak.
Ran Asabar farfaɗiya ta kayar da ita ƙarƙashin tebur.
Kwana goma sha tara.
Shekararta biyu, da bajajjen hancinta, da minsharinta.

Likita Ugarte ya cire tabarau, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta kumbura:
masu gadin jiki ne suka far wa gidan da suke gadi.
Na ce, wa ya aike su?
Ya ce, akwai abin da ta gada.
Saura kuwa, ya buɗe tafin hannunsa, babu komai a ciki.

'Ya'ya uku ta bar mini a kwandon ƙyallaye.

Ya ba ni tsinke uku masu kan auduga.
Na murza a kuncin kowace,
ƙaramar ta cije nata, ta ƙi saki.
Na rufe ambulan, na sauka matakala ɗari da sittin,
na biya kuɗin labule biyu
don miyau ya tafi ƙasar da ban taɓa zuwa ba.

Mako biyar.
Don Eleodoro na leƙowa ta taga kullum,
ya riga ya yi wa jikarsa alkawari,
har an sayi kwano mai zanen ƙashi.

Takarda ta zo ranar da hazo ya haɗiye jiragen ruwa.
Ta fari, babu alama.
Ta biyu, alama ɗaya, hankali kwance.
Botón, mai cizon auduga,
ta ɗauko biyu: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba,
kamar yarinyar da aka haɗa wa kaya
ba a tambaye ta ba.

Ɗaya cikin takwas, in ji takarda,
daga masu irin wannan gado.
Na zube maɓallai takwas a kan tebur.
Na ture ɗaya gefe.
Bakwai suka rage, bakwai!
Amma idona ya ƙi barin na gefen.

Likita ya ce, wannan ba hukunci ba ne, Doña Ermelinda.
Hadari ne aka gani, ba ruwa ba.
Kada dai ta haihu. Ƙofar ta tsaya a kanta.

Na faɗa wa Don Eleodoro komai.
Ya juya hularsa a hannu sau uku,
ya ɗauki ta fari.
Ban ga laifinsa ba. Jikar shekararta shida.

Botón tana nan.
Tana satar zare, tana haushin motar gas,
tana gudu da safar da ba ni da 'yar'uwarta.
Ba ta karanta takardar ba.
Wani lokaci ina jin haushin ranar da na saya wa kaina sani,
wani lokaci ina gode mata
saboda 'yan kwikwiyon da ba za a haifa su kafa goshi a bango ba.

Da dare, kamar kowane kare tun farkon duniya,
sai ta zagaya kafin ta kwanta.
Nakan ɗaga ƙafa daga keke.
Nakan riƙe numfashi.

Jiya dama ta bi.
Sau biyu, sannan ta zube, ta hau minshari.
Na mai da zare cikin allura.